Buhun da Yaya Kulu ba ta farke ba

Ku yi mini afuwa, jama'a. Kun san ba ni da yawan rubutu a shafin nan in ba gaisuwar Juma'a ba, kuma ban so in ɗora wa kowa nauyi. Yau dai dole ta sa. Rubutun zai yi tsawo, ku daure mini.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Labarin ya iske ni da safiyar yau ina tsakiyar wanke kwanoni. Luba ta kira ni, ta ce, "Gwaggo Saratu, Inna ta cika." Na ce wace Inna? Wallahi na san wace Inna. Bakina ne kawai ya tambaya.

Yaya Kulu ta rasu, mahaifiyar Luba. Kulu ta Marnona, mai ɗinkin buhu, shugabar mata a kamfanin shinkafar da munka yi wa aiki. Kwana huɗu ta yi da zazzaɓi, bayan sallar asuba Allah ya karɓi abinsa. Kafin in samu kabu-kabu daga Wurno in isa, har maza sun dawo daga maƙabarta.

Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, ba zan ambaci sunan manajan ba. Waɗanda sunka sani sun sani. Ni ina tsoron in faɗi abin da ya wuce abin da idona ya gani da wanda kunnena ya ji, don zan tsaya gaban Allah da kowace kalma.

Amma akwai magana a kan baiwar Allah wagga da ta kamata in faɗa tun tana raye, na yi shiru. Yau zan faɗe ta.

Ita ta kai ni aikin. Shekara bakwai ke nan da wani abu. Gonar maigidana tana can wajen Rabah, ta zama ba a iya zuwa saboda 'yan bindiga, gida ya yi tsit. Kulu ta ji labari wajen wata biki, ta zo har ɗakina, ta ce, "Gobe ki fito bakin titi da sassahe, bas ɗin kamfani na tsayawa. Ki zo da tsohon zane."

Ranar farko anka sa ni wajen shanyar shinkafar da anka turara. Ban san yadda ake ja da ita ba, na sa hannu tsirara, tafina ya kumbura. Ta kama hannun ta duba, ta ciro ɗan gwangwanin man kaɗe daga lalitarta ta shafa mini. Ta ce, "Hannun riƙon allo na wanga. Bari, zai koyi."

Daga ranar ta laƙaba mini Malama, don ta ji ina koya wa ɗiyan unguwa karatu da yamma. Sunan ya bi ni har yau.

In azahar ta yi, takan zo ta tsaya a wurina ta ce in je in yi salla a kan lokaci, ita ta yi daga baya. Shekara bakwai, ban taɓa roƙonta ba, ba ta taɓa mantawa ba.

Ta sha yi mini dariya. In an tashi aiki nakan kakkaɓe zanena a kan tabarmar kamfani don kada in tahi gida da shinkafar da ba tawa ba. Sai ta riƙe ƙugu ta ce, "Jama'a ku zo ku gani! Ƙwaya guda ta, Malama. Ko kaza ba ta gode miki."

In wata ta haihu, Kulu kan raba mana aikinta, ta ɗauki kaso mafi nauyi, don kada a cire sunan mai jegon. In biyu sun yi faɗa, ita ke raba su, ta zagi kowacce daidai da 'yar'uwarta, a yi dariya a wuce.

Ta yi firamare har aji shida, tana iya haɗa Turanci ta karanta a hankali. Shi ya sa munka zaɓe ta shugaba. Mu sauran, wasu allo kawai munka yi, wasu munka ƙara da ajin yaƙi da jahilci. Ni Hausar boko nake karantawa, Turanci kuwa sai dai in kalle shi.

Manajan "iyayena" yake ce mana. In ya shigo da safe sai ya rusuna, "Iyayena, an tashi lahiya?" Ya zo ɗaurin auren Luba har Marnona, ya ci tuwo a zauren gidan Kulu, ya ce bai taɓa cin miya irin tata ba.

Ku riƙe wannan, don shi ya fi ci mini rai.

Bara, gab da Babbar Salla, munka fara ganin abubuwa. Motocin da ke kawo shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, sun ragu. Wasu baƙi sun zo sau biyu suna zagaya injuna suna ɗaukar hoto da waya. Ga damina ta matso, an fara sharar gona.

Kulu tana da gonar da marigayi mijinta ya bari. Wani maƙwabcinta ya nemi ta ba shi aro na daminar, tunda ita kullum tana kamfani. Ba ta amsa masa ba sai da ta je ta tambayi manaja. Ina tsaye a bakin ƙofar ofishin ina jiranta, na ji da kunnena.

Ta ce, "Manaja, ka hwaɗa mini gaskiya tsakaninka da Allah. In aikin ga zai tsaya, in riƙe gonata."

Ya yi dariya. Ya ce, "Haba Inna Kulu. Ba da gonarki. Aiki na nan har jikokinki su gada."

Ta ba da gonar. Ta fito ta gaya mana mu kwantar da hankali. Da yawa munka bi maganarta. Ni ma ƙanena ya yi mini tayin wani yanki a fadama, na ce ya ba wani, ba ni da lokaci.

Ana saura kwana uku Salla anka ce wa Kulu ta ɗinke buhunan goron Sallarmu, maigidan kamfani ya ce bana kowace mace buhu guda cikakke. Ba a taɓa yi mana haka ba, da kwano biyat-biyat ake ba mu. Ta yini tana ɗinki tana waƙa. Duk wadda ta yi aiki da ita ta san ɗinkinta: in ta kai ƙarshen bakin buhu takan yi ƙulli biyu, ta bar jelar zare kamar tsawon yatsa.

Washegari anka fito da tebur ƙarƙashin dogon yaro. Buhuna a jere, kowane da turmin atamfa a kai. A kan teburin akwai takarda mai layi-layi da sunayenmu, da ɗan akwatin tawada.

Manaja ya ce kowacce ta dangwala yatsa, don maigida da ke birni ya tabbata kyautarsa ta isa hannun masu ita. Ya ce, "Inna Kulu, zo ki taimaka wa 'yan'uwanki, ke sunka sani."

Ita ta kira sunaye. Ita ta kama babban yatsan kowacce, ta taɓa a tawada, ta danna a gaban sunan. Da ta zo kaina ta ce, "Miƙo hannun allon nan." Munka yi dariya.

Saman takardar a naɗe yake, an lanƙwasa shi baya, manaja ya ɗora wayarsa a kai. Na gani. Duk mun gani. Amma ku gaya mini, wa ake miƙa wa kyautar Salla ya tsaya yana bincike a gaban mai bayarwa? Mu ba a yi mana tarbiyya haka ba. Ko goro anka ba ka a ƙunshe, sai ka bar wurin kake kwancewa.

Da anka gama, manaja ya ce, "Malama Saratu, a yi mana addu'a."

Ni na yi addu'ar. Da tawada a yatsana na ɗaga hannu. Na roƙa wa maigidan kamfani buɗi, na roƙa wa manaja tsawon rai da zuri'a mai albarka, mata sunka amsa da amin har da masu hawaye. Shi ma ya shafa.

Har yau in na tuna, sai in ji bakina ya yi ɗaci.

Bayan Salla, ranar komawa aiki, na fito bakin titi da tsohon zanena. Bas bai zo ba. Na ce ko ya lalace. Washegari ma haka. Rana ta uku munka haɗa kuɗin kabu-kabu mu huɗu munka tahi.

Ƙofa a rufe da sabon kwaɗo. Maigadin ma sabo ne, bai san kowa a cikinmu ba. Ta saman katanga muna hango babbar mota ana ɗora mata injin casa. Ya ce, "Ai an sayar da wurin ga tun kahin azumi. Ba a hwaɗa muku ba?"

Tun kafin azumi. Wato ranar da Kulu ta tambaye shi tsakaninsa da Allah, ya riga ya sani da daɗewa.

Wayar manaja a kashe. Sai da Kulu ta yi mako biyu tana nema kafin ta gano sabon ofishinsa a Sakkwato. Ya karɓe ta da fara'a, har ya sa anka kawo mata lemo. Da ta yi maganar haƙƙinmu, ya jawo fayil ya buɗe mata takardar nan, wannan karon a warware.

A saman an rubuta da Turanci cewa mu, da son ranmu, mun ajiye aiki, mun karɓi duk abin da ya kamace mu, ba mu da sauran magana da kamfani.

A ƙasa kuwa ga yatsunmu, reras.

Lokacin gero ya kai gwiwa a gonakin mutane. Shuka ta wuce mu. Da wata guda kawai anka ba mu, wallahi ba kuɗi nake nufi ba, magana kawai, "ku nemi abin yi," da Kulu ta riƙe gonarta, da na karɓi fadamar ƙanena, da matan Rabah da ba su da gonar komawa sun nemi wani wurin tun da wuri. Magana guda ba ta cin ko kwabo. Ita anka hana mu.

To daga nan ne abin da nake jin kunyarsa ya fara.

Manaja ya yi nisa, maigidan kamfani ba mu taɓa ganinsa ba. Kulu ce kusa. Ita ta ce mu kwantar da hankali, ita ta kama yatsunmu, ita ce mai karatun boko. Sai magana ta tashi cewa ta sani. Aka ce an ba ta buhu goma. Aka ce an ba ta kuɗi a ambulan. Wata ma ta rantse wai an ga ana kai mata kaya da mota.

Wata ranar kasuwar Goronyo ina tare da ita wajen masu albasa, Ige ta Rimawa ta tare mu. Ige abokiyar aikinmu ce, ita ma shekara bakwai, da marayu huɗu a gabanta. Ba ta yi sallama ba.

Ta ce, "A'a, shugaba! An zo cefane? Buhu goman sun ƙare ne?"

Kulu ta ce, "Ige, ji tsoron Allah."

"Ni za ki hwaɗa wa tsoron Allah? Wa ya kama hannuna? Ke ko manaja? Nawa anka saye mu, Kulu? Hwaɗi, in san kuɗina!"

Mutane sunka taru. Kulu ta juyo ta kalle ni. Ni ce na ji abin da manaja ya gaya mata a ofis. Ni ce nake kusa da teburin. Kalma biyu daga bakina da sun isa.

Na sunkuyar da kai ina gyaran mayafi.

Ban zage ta ba, ban taɓa cewa ta ci amana ba. Na ce wa raina ai ban da tabbas, kuma mai tsoron Allah ba ya shaida a kan abin da bai tabbatar ba. Da wannan na lulluɓe tsorona. Gaskiyar ita ce nima zuciyata ta ɗan yi zargi, kuma na ji tsoron bakin Ige.

Kulu ta ɗauki kwandonta ta tahi. Wata biyat ba mu haɗu ba.

A watannin nan, ashe ita ba ta zamna ba. Tana zuwa ƙwadagon dashen albasa a gonakin mutane, macen da ta haura hamsin, abin da ta samu ta raba biyu, rabi abinci rabi kuɗin mota. Ta yi ta zuwa ofishin ƙwadago a Sakkwato har ta samu wata jami'a da ta zamna ta saurare ta, ta karanta mata dokar, ta fassara mata da Hausa.

Kulu ta haddace abin kamar karatun allo. Ga yadda ta gaya mini, kuma na sa an sake tambayo mini don kada in yaɗa kuskure. Wanda ya yi shekara biyat ko fiye yana aiki a wuri, sai an ba shi notis na wata guda kafin a sallame shi, ko a biya shi kuɗin watan a madadinsa. Wanda ya yi shekara biyu bai kai biyat ba, mako biyu. In kuma aikin ne ya ƙare za a sallami mutane da yawa, sai an sanar da ƙungiyarsu ko wakilinsu dalili da yawan waɗanda abin zai shafa, sannan a yi iya ƙoƙari a daidaita da su a kan kuɗin sallama. Dokar ba ta yanka ko nawa ne ba. Ta dai ce a zamna da mutane.

Shi ya sa anka so a ce mu munka ajiye aiki da kanmu. Wanda ya tahi da ƙafarsa ba a yi masa notis, ba a zama da shi.

Daga nan ta fara bin mu gida-gida. Marnona, Wurno, Rimawa, har ƙauyukan Rabah da masu kabu-kabu ke ƙin zuwa bayan la'asar. Tana karɓar katin aikin kowacce tana sawa a leda. Wasu sunka ba ta ta bayan labule. Wasu sunka ce a ce ba su nan. Wata ta ce mata, "Wancan karon yatsa kinka karɓa, yanzu kati. Saura mi?"

Kwana tara da sunka wuce ta zo gidana. Shi ne ganinmu na ƙarshe.

Ta rame, amma bakin na nan. Tun daga zaure take cewa, "Ina Malama mai kakkaɓe zane?" Na shimfiɗa mata tabarma, na dama mata fura. Ta sha rabi ta ajiye.

Ta ce an sa rana. Talatar nan da ke gabanmu yanzu za a yi zaman sulhu a ofishin ƙwadago, kamfani zai turo wakili. Jami'ar ta gaya mata gaskiya: takarda mai yatsu tana da nauyi, kati kaɗai ba zai ture ta ba. Sai matan da sunka dangwala sun zo da kansu sun faɗi yadda anka yi, cewa saman a naɗe yake, cewa goron Salla anka ce mana. In ita kaɗai ta je, za a ce mace guda ce mai ƙorafi, a rufe fayil.

Na ce, "Su wa sunka ce za su?"

Ta ce, "Duk sun ce in sha Allahu. Kin san irin in sha Allahun."

Sai na fito mata da abin da ke damuna. Na ce, "Yaya, ni fa na ci shinkafar nan. Ni da ɗiyana mun cinye ta tas, atamfar ma na ɗinka. Ina jin tsoron in je in ce ban karɓi komi ba."

Ta ce, "Wa ya ce ki ce haka? Ki ce kin karɓa. Ki ce da sunan mi anka ba ki. Ke da kinka yi karatu, in mutum ya sai miki da akuya ya ɓoye ciwonta, cinikin ya zamna?"

Na ce bai zamna ba.

Ta ce, "To."

Can na yi ƙarfin hali na tambaye ta abin da ya kamata in tambaya tun bara. Na ce, "Yaya, ba ki ga an naɗe takardar ba?"

Ba ta ji haushi ba. Ta ce, "Na gani, Saratu. Har hannuna ya tahi zai ɗaga wayatai, na maido shi. Mutumin da ya ci tuwo a zaurena. Na ce in na buɗe, na ce mishi ɓarawo ke nan a gaban jama'a, ranar kyauta. Kunya ta kama ni. Kunyar minti guda."

Ta kalli babban yatsanta. Ta ce, "Kin san abin da ya fi ƙona ni? Wakilin da doka ta ce a fara sanarwa, ni ce fa. Ni ya kamata a kira a zamna da ni. Sai anka miƙo mini tawada."

Na ba ta katina. Ta ce, "Talatar fa?"

Na ce ta bari in yi istihara.

Ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Malama, istiharakki ta fi bas ɗin kamfani jinkiri." Ta saɓa ledarta, na raka ta bakin zaure. Tana hawa kabu-kabu ta waiwayo ta ce, "Ni dai da kayana zan tahi. Zan aje musu a kan tebur in ce ga sallamar shekara bakwai, ku duba ku gani."

Ban gane wane kaya take nufi ba. Na ɗauka ledar ce.

Yau na gane.

Da na isa gidan rasuwa na iske mata a tsakar gida ana shawarar abin da za a dafa wa masu zuwa gaisuwa, don gidan babu komi sai ɗan gero a ƙwarya. Wata dattijuwa daga dangin mijin ta ce ai ta ga buhu a ɗakin marigayiya, a fito da shi a yi sadaka. Luba ta tare ƙofa tana kuka, ta ce, "Inna ta ce ko mi za a yi kada a taɓa shi."

Ta ja ni ciki. Yana nan a bayan gado, a kan bulo biyu don kada sanyin ƙasa ya taɓa shi. Turmin atamfar na kai, ko ninkin ba a warware ba. Buhun ya yi ƙura, ƙwari na fita ta gefe.

Bakinsa a ɗinke. Ƙulli biyu, da jelar zare kamar tsawon yatsa.

Buhu guda ne, jama'a. Guda, irin na kowa. Luba ta ce tun ranar da uwarta ta dawo daga Sakkwato ta ga abin da ke rubuce, ta ɗaga shi ta kai bayan gado. An sha kwana da kunu a gidan, an sha yini ba a ɗora tukunya ba, ta ce ba za ta ci abin da anka sayi yatsun mutane da shi ta hannunta ba.

Ni na ci nawa, kun ci naku, ba mu yi laifi ba, yunwa ce kuma ba mu sani ba. Ita da anka ce ta ci goma, ko ƙwaya ba ta kai baki ba.

Ina tsaye a wurin sai ga Ige ta shigo. Ta zo gaisuwa daga Rimawa, anka nuna mata ɗakin. Ta tsaya ta kalli buhun. Ta durƙusa ta kama jelar zaren da yatsa biyu, ta daɗe tana riƙe da ita.

Ta ce, "Ashe ba ta ci ba."

Ta fita ta zamna a bakin rijiya ta rufe fuska da mayafi, har na baro gidan ba ta ɗago ba.

Don haka ga shaidata, wadda na hana ta a kasuwar Goronyo. Ni Saratu na ji da kunnena lokacin da Yaya Kulu ta tambayi manaja, na ji amsar da ya ba ta. Na ga takardar a naɗe da wayarsa a kai. Ita ma yaudararta anka yi, kuma tata ta fi tamu, don da hannunta anka yi amfani. Duk wanda ya taɓa jin akasin haka, ko ya faɗa, ga gaskiyar nan. Ya nemi gafarar Allah, nima ina nema.

Buhun yanzu na magada ne. Na roƙi Luba da yayanta, sun yarda in tahi da shi ranar Talata, in an gama in maido musu. Ledar katuna ma tana hannuna. Shinkafar sadaka kuwa mun haɗa da maƙwabta an sayo wata.

Zan je. Na gama istiharar, a makare.

Ba zan yi muku alkawarin za mu samu wani abu ba. Jami'ar ma ba ta yi wa Kulu alkawari ba. Mai yiwuwa mu dawo da kuɗin wata guda, mai yiwuwa mu dawo hannu biyu. Amma in ba wanda ya je, takardar nan ce za ta tsaya a matsayin gaskiya, cewa mun tahi da son ranmu, kuma Kulu ce ta shaida hakan da hannunta. Ba zan iya barin sunanta a haka ba.

Ya Allah ka jiƙan Hauwa'u Kulu. Ka yafe mata kurakuranta, ka sanyaya makwancinta, ka yalwata mata kabarinta. Yadda ta tsaya a wurina shekara bakwai don in yi salla a kan lokaci, ka sa ta samu masu tsaya mata ranar da kowa ke ta kansa. Yunwar da ta daure a kanta ga abinci a bayan gadonta, ka musanya mata da abincin Aljanna. Ka ba Luba da 'yan'uwanta haƙuri. Waɗanda sunka yi mana wannan, kai ka san su, ka san abin da ke zukatansu. Ban janye addu'ar da na yi musu ba, don ba ni da ikon haka. Na dai ƙara da cewa ka nuna musu haƙƙin da ke wuyansu tun suna da damar sauke shi.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi mata Ƙulhuwallahu ƙafa uku, ya sa ta a addu'arsa bayan salla.

Ku kuma da munka yi aiki tare, na san da yawanku ba ku da waya irin wagga. Ɗiyanku da ke ganin rubutun nan, ku karanta wa iyayenku shi duka, kada ku tsallake. Ige, ke ma a karanta miki. Ban rubuta don in tozarta ki ba, nawa laifin ya fi naki, ke kin yi magana cikin rashin sani, ni na yi shiru ina sane.

Ina so in yi cinikin motar da za ta kai mu tun ranar Lahadi, kuma sai na san yawanmu. Za mu tashi daga tashar Wurno da sassafe ranar Talata. Wadda kuɗin mota zai hana, ta faɗa mini, kada ta ji kunya. Kunya ta ishe mu haka.

Ni kaɗai ba zan iya ɗaga buhun nan ba.

Don Allah ku ba ni amsa yau ko gobe. Wadda za ta je ta sa a rubuta sunanta a ƙasa. Ina jira.